Ni da maigidana duk AS ne, ina da ciki sati tara: wa ya taɓa yin gwajin jinin ɗan tayi?

Maman Yasir, Mabera:
Assalamu alaikum. Don Allah wanda abin ya taɓa faruwa da shi nake nema. Shekarata huɗu da aure. Kafin biki mun yi gwaji, takardar maigidana ta nuna AA, tawa AS, aka ɗaura. Yasir yana wata bakwai hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, ko zane ya taɓa shi sai ya tsala ihu. A asibiti aka ce SS ne, wato sikila. Aka sake auna babansa, sai ga AS. Yanzu ina da ciki sati tara. Likita ta ce akwai gwajin da ake yi daga sati 11 zuwa 13, a ɗebo ɗan yanki daga mabiyiya a gane jinin yaron tun yana ciki. Wa ya taɓa yi? A ina, nawa, kuma da sakamako ya fito me kuka yi? Maigidana ya ce shi ba ya son ya sani. Ni kuwa barci ya gagare ni.

Ɗan Runjin Sambo:
'Yar'uwa ku haƙura da juna tun kafin a kai lefe. Ranar da yaro ya fara kukan ƙashi, soyayyar nan ba za ku san inda ta shiga ba.

Anti Nas:
Malam, ka ko karanta? Aure shekara huɗu, ga ɗa, ga ciki. Wane lefe kuma?

Abu Hanif, Arkilla:
Ki kwantar da hankalinki. Ai ɗaya cikin huɗu ake cewa, tunda kun riga kun samu SS ɗin, ukun da ke tafe lafiya lau in sha Allah.

Anti Nas:
Don Allah kada a ɗauki wannan maganar. Kowane ciki da nasa lissafin yake zuwa: kashi 25 cikin ɗari SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Cikin bai san abin da yayansa ya zo da shi ba. Na yi jinyar 'yan gida ɗaya su uku a jere duk SS, na kuma san masu 'ya'ya biyar babu SS ko ɗaya. Maman Yasir, gwajin da likitarki ke nufi CVS ne. Ana kallon hoton ciki a soka siririyar allura, kuma akwai ɗan haɗarin ɓari, ƙasa da ɗaya cikin ɗari a hannun ƙwararre. In lokacinsa ya wuce akwai na ruwan mahaifa daga sati 15.

Inna ta Gwadabawa:
Ɗiyata, bari in ba ki nawa. Mu lokacin da anka yi muna aure ba wanda ya san wani gwaji, ɗan kawuna ne. Bakwai na haifa, uku sikila. Na farin, dangin miji sunka ce mayu ne, sunka ce iska ce, munka yi ta yawon rubutu da hayaƙi har saifarshi ta kumbura. Cikin mota ya cika, kan hanyarmu ta zuwa Sakkwato, kanshi bisa cinyata, shekararshi huɗu. Ta biyun ta kai sha tara, ta gama sakandare, tana son karatun nas. Duk hunturu ni ke dafa ruwa ina gasa mata ƙafafu har asuba. Ranar da za ta rasu jini anka nema leda biyu, babanta ya fita da kuɗin ragon da ya sayar, kafin ya dawo an rufe ta da zane. Gona ta tafi, shanu sun tafi. Daga baya ya ƙara aure, uwarshi tana faɗi gaban mutane wai ni na kawo masu cuta cikin zuri'a, alhali jinin rabi nawa ne rabi na ɗanta. Na ukun shina nan, shekara 26, ƙugunshi ya lalace, da sanda yake tafiya. Wallahi ina son shi fiye da raina. Amma in kin tambaye ni ko da na sani zan sake wanga aure, ban iya ba ki amsa.

Ummu Khairat:
Innalillahi. Inna kin sa ni kuka. Allah Ya jiƙansu, Ya sa masu ceto ne.

Ɗan Runjin Sambo:
Kun ji abin da nake faɗi kenan.

Maman Ikram, Gawon Nama:
Ni na yi, a Legas, cibiyar masu sikila da ke Idi-Araba, a 2022. Gwajin kansa wajen dubu 250 na biya, ban da mota da masauki. Kwana goma ina jiran sakamako, ko abinci ba ya wuce mini. Ya fito AS. Ban san abin da zan yi ba da SS ya fito, kuma har yau ina gode wa Allah da bai kai ni wannan gaɓar ba.

Baban Amira:
Dubu 250 ina? Mu a Abuja bara dubu 600 aka ce mana, shi ya sa muka fasa.

Abu Hanif, Arkilla:
Ni fa dubu uku na yi nawa nan cikin gari.

Anti Nas:
Naka na jinin hannu ne Malam, ba shi ake magana ba.

Malami a Gidan Igwai:
Kowa na maganar kuɗi, an bar babbar tambaya. In an auna ya fito SS, sai me? Mu nan mazhabar Imam Malik muke bi, kuma mashhurin zance a cikinta shi ne ba a zubar da ciki ko kafin kwana arba'in. Bayan wata huɗu, da an busa rai, babu saɓani sai in ran uwa ne ke cikin haɗari. Dokar ƙasa ma haka take a Arewa: zubar da ciki laifi ne da ɗaurinsa kan kai shekara 14, sai don ceton ran uwa.

Likita ɗan Bodinga:
Allah Ya gafarta Malam, maganar doka haka take. Sai dai majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, da ta zauna a Makka a 1990 ta yi rangwame kafin kwana 120, in kwamitin amintattun likitoci ya tabbatar da mummunar nakasa wadda ba ta da magani. Ko sikila ta shiga ciki, nan ne ake jayayya, don yau masu shan maganin hydroxyurea da yawa suna karatu, suna aure, suna haihuwa. Kuma sani yana da amfani ko ba a taɓa cikin ba. In SS ne, a fara ba shi kariya tun yana jariri, kada a jira kumburi irin na Yasir. In ba SS ba ne, akwai damar ɗaya cikin huɗu ɓargonsa ya dace da na yayansa, a yi wa Yasir dashe. Tun 2011 aka fara dashen ɓargo a birnin Benin na jihar Edo.

Malami a Gidan Igwai:
Likita, kai ka tsaya kan allura, ka bar fatawa ga masu ita.

Ummu Khairat:
Malam da girmanka, amma wanda bai taɓa kwana a benci yana riƙe da ledar ƙarin ruwa ba, ya sassauta murya. Ni maganar Inna ta fi shiga raina.

Malami a Gidan Igwai:
Hajiya, ƙanena sikila ne, ni na yi masa wanka da hannuna. Zafin abu ba ya mayar da haram halal.

Na Tsohuwar Kasuwa:
Sanarwa: ni AA ne, ina da shago, ban da mata. Masu AS layi ɗaya don Allah, ban da turereniya.

Anti Nas:
Ba wurinsa ba ne. Kuma kai ma je ka sake aunawa, mijin Maman Yasir ma AA takardarsa ta ce.

Baban Amira:
Yauwa, nan ne gizo ke saƙa. Ni ma haka aka yi mini. Wani ɗan ɗakin gwaji a bakin titi, minti ashirin ya miƙo takarda da hatimi. Da Amira ta kwanta na koma wurin, an mayar da shagon na cajin waya. Wa zan kama? Kano ta yi dokar tilasta gwaji kafin aure a 2024, madalla, amma in takardar ƙarya liman zai karɓa, me aka yi? Abokina da bakinsa ya ce mini dubu biyar ya bayar aka rubuta masa AA don kada a hana shi yarinyar.

Likita ɗan Bodinga:
Wani lokacin ba ha'inci ba ne, tsohon na'ura ne ko rashin ƙwarewa, ko an auna mutum bai cika wata uku da ƙarin jini ba. A yi sau biyu a wuri biyu, ɗaya ya zama babban asibiti kamar UDUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Ɗanfodiyo a Sakkwato, a nemi gwajin na'ura da ake kira HPLC in da hali.

Inna ta Gwadabawa:
To wanga abokin naka mi za ya ce ma Allah? A kawo shi ya kwana ɗaya da ɗana in ciwon ya tashi.

Maman Yasir, Mabera:
Na gode, Allah Ya saka. Maman Ikram don Allah, sai da sa hannun miji suka yi miki? Talata nake cika sati goma.

Ummu Khairat:
Ku bar ta takardar ƙarya ma. Jiya da dare na kai ƙanwata tana birgima don ciwo, ma'aikacin ya dube ta sama da ƙasa ya ce wai ta saba da allurar ne, 'yar ƙwaya ce. Awa uku muna zaune a ƙasa kafin a taɓa ta. Akwai wanda aka taɓa yi wa haka ya kai ƙara aka saurare shi?