Dambun nama daga kicin ɗin gida: ta ina zan bi in samu lambar NAFDAC?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawarar wanda ya taɓa bin wannan hanyar. A Kubwa nake zaune, ina yin dambun nama da cincin a gida, ina sayarwa ta WhatsApp. Kwanan nan wani babban kanti a Gwarimpa ya ɗanɗana dambun ya yaba, amma suka ce ba za su ɗora shi a kanta ba sai da lambar NAFDAC a jikin robar.

Na riga na yi rajistar sunan sana'a a CAC, wannan ba matsala. Inda na maƙale shi ne wurin aiki. Gidan haya ne, kuma a kicin ɗin da nake dakan naman nan nake tuƙa tuwon yara. Wata 'yar uwa ta ce dole sai ɗaki na daban kafin a zo dubawa, wata kuma ta ce masu ƙaramin jari ana yi musu sassauci. Ina da ɗan sito a bayan gida mai taga ɗaya. In na sa masa tayil da ragar sauro da wurin wanke hannu, zai wadatar? Gaskiya ina tsoron in zuba jarina a gyara, a zo a ce bai yi ba.

Sannan dambu da cincin, kowanne da lambarsa ne? Gwajin lafiyar masu sarrafa abinci kuma, tunda Kubwa ƙarƙashin Bwari take, can zan je ko kowane asibitin gwamnati ya isa?

Mai kantin ya ce in dawo kafin azumi. Allah ya saka da alheri.