Taurarin nan na jikin firiza, akwai mai bincikarsu kuwa?

Maman Hanifa:
Salam jama'a don Allah a taimaka min. Wata uku kenan na sayi firiza saboda sana'ar ƙanƙara da zoɓo, mai shagon ya nuna min sitika mai taurari huɗu wai ba ta shan wuta, har kuɗi na ƙara a kai, amma wallahi yunit ɗin mita sai zubewa yake kamar an huda tulu. Jiya ina goge ta na ga gefen sitikar ya ɗago, ƙarƙashinsa akwai shatin wani tsohon gam. Abin ya tsaya min a rai sosai.

Mai Gyaran Sanyi:
Hajiya sannu, Allah ya mayar da alheri. A nan Najeriya hukumar kula da ingancin kaya ta SON ke da alhakin abin, a 2017 ta fito da tambarin taurarin, to amma sitika ai takarda ce, duk mai firinta zai buga. Ki leƙa ɗan farantin bayanta ki ga ko lambar samfurin ta zo ɗaya da ta sitikar. A nan kuma za ki ga harafin yanayi, wato zafin garin da za ta iya jurewa, N iyakarta digiri 32, ST 38, T ce ke kai 43. Mai N a zafin Afrilun Kano kwamfuresonta ba zai huta ba ko da taurarin na gaske ne, balle ke da kullum ruwa mai ɗumi kike zuba mata.

Ɗan Zango Kumasi:
Mu nan Ghana hukumar makamashi, Energy Commission, ke kula da shi, takardarmu rawaya ce, kuma tun 2013 aka hana shigo da firjin gwanjo saboda shan wutarsu.

Abu Sola:
Har Amurka an sha wannan fa. A 2010 masu binciken gwamnati na GAO suka ƙirƙiri kayan bogi 20 suka nema musu tambarin rashin shan wuta na Energy Star, 15 suka samu, har da agogon ƙararrawa mai aiki da fetur, don maganar kamfani kawai ake karɓa lokacin. Daga 2011 aka ce dole sai wani ɗakin gwaji daban ya tabbatar. Ni yanzu ƙaramin mita nake jonawa a soket in bar shi awa 24 kafin in lissafa wa mutum batirin sola.

Maman Hanifa:
Malam Mai Gyaran Sanyi, na duba, N ce kuma lambobin ma ba su zo ɗaya ba. Gobe in sha Allah zan koma shagon da rasit ɗina. Abu Sola a ina zan samu mitan nan?