Taƙaitawa: Me ya sa harshe da ma'anar kalma ke sauyawa?

Jama'a, muhawarar da aka yi kan wannan tambaya ta yi tsawo, don haka na tattaro abin da aka fi maimaitawa.

1. Kowa ya yarda cewa muddin ana magana da harshe, sai ya sauya. An ba da misalin Latin, tsohon harshen Rumawa, wanda ya rarrabu ya haifi Faransanci, Sifaniyanci, Italiyanci da harshen Fotugal.

2. Cuɗanya ita ce babbar hanya: addini, fatauci da mulki. Littafi, alƙalami da lokaci daga Larabci suka shigo Hausa, tebur da mota kuwa daga Turanci.

3. Nan aka fi daɗewa, kuma ni ma ya fi burge ni: sabon abu yakan ari tsohon suna. Jirgi da can na ruwa ne kawai, yau ga na ƙasa, ga na sama. Waya asalinta zaren ƙarfe ce, amma yanzu wadda ke aljihunka ba ta da ko sili ɗaya. Kuɗi jam'in wuri ne, wato ɗan farin ɓawon dabbar teku da ake saye da sayarwa da shi a da. An daina ciniki da wuri, amma kalmar kuɗi ta zauna daram.

4. Shawarar mafi yawa: in ka ci karo da kalma a tsohon rubutu, kada ka ɗora mata ma'anar yau, nemi ta zamaninta.

5. Inda aka rabu shi ne ingausa, wato gauraya Hausa da Turanci a magana. Wasu na ganin tana kashe kalmominmu, wasu suka ce aron yau ne Hausar gobe. Kaɗan suka tsaya tsakiya: a ara in babu, a riƙe tamu in akwai. Ba a daidaita ba.