Kallon baje kolin zane ta waya ya wadatar kuwa?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gareni ga masu harkar zane. Tun lokacin korona naga manyan baje koli sun koma ɗora kayansu a intanet, Art X Lagos ma na 2020 ta intanet aka yi shi. Ni ina Kano ina koyon zane, kuɗin motar Legas da na masauki kuma sun fi ƙarfina. Shin mai kallo ta waya yana samun abinda ya kamata, ko dole sai an je an tsaya gaban aikin?

Mai Burushi:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka raina wayar nan fa, shiga Google Arts & Culture ka jawo hoto kusa har sai kaga sawun burushi da inda fenti ya tsage, a gidan tarihi ma ba za a barka ka matsa kusa haka ba. Amma girman aiki shine waya take cinyewa. Dubi aikin El Anatsui, ɗan Ghanan nan da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka, murafen kwalabe ne dubbai ake bugewa su baje a ɗinke su da wayar jan ƙarfe, a 2023 aka rataya nasa a babban zauren Tate Modern a Landan, abu daga can sama yana saukowa, kana tafiya haske na canzawa a jikinsa. A waya sai ka ɗauka wani ɗan ƙyalle ne mai ƙyalli.

Yar Zongo:
Gaskiya ne yaya. Mu nan Tamale a Ghana muna da Ibrahim Mahama, da tsofaffin buhunan koko da na gawayi yake aiki, a ɗinke su a lulluɓe gini guda. Buhun nan da warinsa da tabon gawayi da rubutun 'yan kasuwa a jiki, wanne hoto ne zai baka wannan? Abinda yafi burge ni shine bai tsaya a Turai kaɗai ba, ya buɗe cibiyar fasahar zamani ta SCCA a nan garin a 2019, ga kuma wurin aikinsa Red Clay inda ya ajiye tsofaffin jiragen sama yara 'yan makaranta suna shiga ciki ana koyar dasu.

Bazazzagi:
Ni abinda yake damuna daban ne wallahi. A Zariya aka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane ta Zaria Art Society a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo duk nan suka yi karatu, har yau ABU tana yaye masu zane, amma in ana maganar babban baje koli sai Legas sai Dakar sai Venice. Toh tunda masu saye yanzu a Instagram suke fara ganin aiki, Ɗan Fagge kar ka tsaya kallo kawai, ɗora naka. Ka ɗauki hoton da rana a inuwa ba da filasha ba, ka rubuta tsawo da faɗi da irin fentin, ka ƙara ɗan bidiyo kana tsaye gefensa don a gane girmansa. In kuma ɗaliban ABU suna baje kolin ƙarshen karatu ka shigo mota ka zo, Zariya ai ba nisa daga Kano.

Ɗan Fagge:
Nagode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Bazazzagi in lokacin ya matso don Allah ka sanar damu a nan, zan taho da abokaina biyu da muke koyo tare.