Me ya sa fatalwa ta yawaita a wasannin kwaikwayon tsiraru da 'yan ƙaura?

Ɗalibar adabi:
Assalamu alaikum, malamai. Na lura cewa marubutan wasan kwaikwayo daga cikin tsiraru da 'ya'yan waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka da Kanada suna yawan fito da matattu a kan dandamali. Shin tsoratar da 'yan kallo suke nufi, ko kuwa akwai wani aikin da fatalwar take yi?

Malamin wasan kwaikwayo:
Wa'alaikumus salam, Malama. Tsoro ba shi ne manufar ba. Dubi wasan The Piano Lesson na August Wilson, marubuci baƙar fata ɗan Amurka, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1990. Labarin ya faru ne a Pittsburgh a 1936, inda Boy Willie yake son sayar da fiyanon gado domin ya sayi gonar da kakanninsu suka yi bauta a cikinta a Mississippi, 'yar'uwarsa Berniece kuma ta ƙi, saboda an sassaƙa fuskokin zuriyarsu a jikin katakon. Fatalwar da ta addabi gidan ta Sutter ce, jikan masu bayin, kuma ba ta fita ba sai da Berniece ta zauna ta kaɗa fiyanon da ta daɗe tana gudu, tana kiran sunayen magabatanta. Abin da takardun hukuma ba su rubuta ba, fatalwar ce ta tilasta a faɗe shi.

Mai bibiyar tattaunawa:
Malam ya yi gaskiya, sai dai mutanen Wilson ba da son ransu kakanninsu suka ƙetare teku ba, don haka bai kamata a haɗa su da 'yan ƙaura kai tsaye ba. A wasan Tea na Velina Hasu Houston, matan Japan da suka auri sojojin Amurka suka tare a Kansas sun taru shan shayi a gidan Himiko, ɗaya daga cikinsu, bayan ta kashe kanta, kurwarta kuma tana sauraronsu. Ita ba tsohon tarihi take tuna musu ba, wariyar da su kansu suka nuna mata tana raye ce take bin su.

Tsohon ɗan wasa:
Ni damuwata ɗaya ce, Malama: wasu masu shiryawa kan lulluɓe fatalwar da hayaƙi da kiɗan ban tsoro har 'yan kallo su ɗauke ta ado na baƙuwar al'ada. A ganina gara ta shigo cikin tufafin gida, ta zauna a kujera tare da rayayyu.