Gasasshiyar kabewa mai zaƙi: kowa ya kawo abin da ya gani a nasa murhun

Maman Ilham, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kaka ta shigo, kabewa ta cika kasuwar 'Yankaba, har masu baro suna yawo da ita yanki-yanki a cikin unguwa. Mu dai tun tasowarmu wuri ɗaya muka san ta, wato cikin miyar taushe, a ci da tuwon shinkafa ko waina ko funkaso. Kwanan baya a gidan wani biki aka ajiye mana ita a gasa a gefen shinkafa da kaza, ta yi ja, gefenta ya ɗan ƙone, tana ƙamshin man shanu, ga zaƙi mai daɗi wanda bai ginsar da mutum ba. Da na gwada a gida sai tawa ta saki ruwa ya cika faranti, ta dahu dai amma ba ta gasu ba. Duk wadda ta saba yi, ko wanda ya san kan kabewa, don Allah a taimaka da bayani. Ina son yara su riƙa cinta, don a miya tsince ta suke yi.

Ummu Sudais, Kolombas, Amurka

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Nan inda muke wannan abincin kaka ne sosai. Daga watan Oktoba za ki ga kabewa iri-iri an jibge a ƙofar kantuna, kuma ranar bikin godiyarsu, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, da wuya ki je gidan da ba a ajiye ta a tebur ba. Maƙwabciyata wata dattijuwa ce ta nuna min yadda suke yi.

Iri biyu na fi saye. Akwai ƙarama mai duhun kore mai gaɓa-gaɓa da suke kira akon, akwai kuma mai dogon wuya mai launin ƙasa-ƙasa da suke kira batanot. Akon ɗin raba ta biyu ake yi, a kwashe 'ya'yan da cokali, sai ramin ya zama kamar ɗan kwano. A shafa mai da ɗan gishiri, a kifa ta a faranti, fuskar da aka yanka tana kallon ƙasa, a sa a oben mai zafin digiri 200, wato 400 a ma'aunin da suke amfani da shi a nan. Bayan kamar rabin awa sai a juyo ta, a sa bota a ramin da sukari mai ruwan ƙasa ko ruwan zaƙin itacen mapul, a barbaɗa kirfa, a mayar na minti 20 zuwa 30, ana ɗiban ruwan da ya taru a ramin ana shafe gefe da shi. In cokali mai yatsu ya shige ba gardama, ta yi.

Shi ruwan mapul ɗin da tsada yake ko a nan, domin sai an tafasa kusan lita 40 na ruwan itacen kafin a sami lita ɗaya, kuma yawancinsa daga Kebek ta ƙasar Kanada yake zuwa. Kada ki wahalar da kanki nemansa a Kano. Abin da ya fi muhimmanci shi ne zafin oben ɗin. Ki bari ya ɗauki zafi sosai kafin ki sa faranti. A wuta mai sanyi kabewa tsiyayar da ruwanta kawai take yi ta dahu a ciki.

Baban Sadik, manomi, Kura

Hajiya, ni ba mai girki ba ne, amma kabewa tun ina yaro muke shuka ta a gefen masara da jikin danga, don haka bari in faɗi nawa. Rabin matsalarki daga wajen saye take. Ba kowace kabewa ce ta gashi ba. Wadda aka cire da wuri don a riga kasuwa, ko wadda ta sha ruwa da yawa gab da cira, ruwa ne cike da ita, ta miya ce.

In za ki saya, ki danna farce a ɓawon. In farcen ya shiga, ɗanya ce, ki bar ta. In ya ƙi shiga, ta ƙosa. Ki duba karan da ke kanta, ya zama ya bushe ya yi tauri kamar itace. Ki ɗaga ki ji nauyinta ya fi girmanta. In yankakkiya ce, ki zaɓi mai tsoka mai kauri, launinta ya yi ja sosai, ba fari-fari ba, kuma wajen yankan ba ya naso.

Sai kuma abin da mutanen birni ba su cika sani ba: kabewar da aka ciro jiya ba ta kai zaƙin wadda ta kwana biyu a ajiye ba. Mukan bar ta kamar mako biyu a wuri mai ɗumi da iska, ɓawon ya ƙara tauri, sannan a shigar da ita inuwa. Tana zaune garin da ke cikinta yana juyewa yana zama zaƙi, ruwanta kuma yana raguwa. Shi ya sa ta tsakiyar hunturu ta fi ta farkon kaka daɗi. A ɗora ta a kan buhu ko kara, ban da kan siminti tsirara, kada su taɓa juna, kuma kada a ɗauke ta ta wajen karan. Da zarar karan ya fita, ta nan ruɓa take shiga. Mai lafiya takan yi watanni ba abin da ya same ta.

Maman Ilham, Kano

Allah ya saka da alheri, Malam. Lallai tawa yankakkiya ce, kuma cikinta bai yi ja ba. Ummu Sudais, tamu ta nan ai manya ce, ba ta rabuwa biyu ta shiga oben. Yaya zan yi da ita?

Inna ta Maƙarfi

'Yata, ki yanka ta tsaye-tsaye kamar yadda ake yanka kankana, kaurin yatsu biyu, ki bar ɓawon a jiki. Ɓawon shi ke riƙe ta kada ta wargaje, in an zo ci sai a kwashe da cokali. Ki barbaɗa ɗan gishiri ki bar ta a gwagwa na ɗan lokaci, za ki ga ruwa ya fito a jikinta, ki goge da tsumma mai tsabta. Sannan ki shafa narkakken man shanu, soyayye, wanda ya riga ya yi ƙamshi.

Maganar zaƙi kuwa, mu a nan ƙasar rake ce, mazarƙwaila muke da ita, kuma ban ga abin da ya kai ta dacewa da kabewa ba. Farin sukari zaƙi ne kawai ba ƙamshi. Mazarƙwaila tana da ɗanɗanon rake da ɗan ƙaurin tafasa, tana haɗuwa da man shanu ta zama wani abu daban. Ki goga ta ko ki daka ta yi gari, ki haɗa da garin citta kaɗan da kanumfari ƙwaya biyu ko uku a dake. Kanumfari yana da ƙarfi, in ya yi yawa shi kaɗai za a ji. Kuma kada ki sa mazarƙwailar tun farko. Ki bari kabewar ta kusa yin laushi tukuna, sannan ki barbaɗa, ki mayar ta narke ta kama jiki. In ta daɗe a wuta ƙonewa take ta yi ɗaci.

Ni ba ni da oben, kuma ban taɓa jin rashinsa ba. Babbar tukunya nake samu, in zuba yashi mai tsabta a gindinta, in ɗora a kurfoti ta yi zafi, yadda ake gasa kek. In jera ƙananan duwatsu uku a kan yashin, in ɗora farantin kabewar, in rufe. Sai in ɗebi garwashi in zuba a kan murfin, domin wutar sama ita ke sa fuskarta ta yi ja. In ba ki sa wutar sama ba za ta nuna amma ta fito fari fat. Lokaci-lokaci kina ɗan ɗaga murfin tururi ya fita, ki goge gumin da ya taru a cikinsa kada ya ɗiga a kai. Yana ɗaukar kusan awa guda, ya danganta da kaurin yankan da ƙarfin gawayin.

Iyayenmu ma suna gasa ta a da, ba sabon abu ba ne. In an gama tuwon dare sai a tura yanki cikin toka mai zafi tare da dankali, a ciro a kakkaɓe a ba yara. Ba sukari ba komai, amma da zaƙinta.

Abu Hafsa, ɗalibi a Turkiyya

Inna, abin da kika faɗa game da ruwan da ke fita ya tuna min yadda Turkawa ke yin tasu. Suna da kayan zaƙi na kabewa da ake yi idan sanyi ya shigo, ana samunsa a gidaje da gidajen abinci. Su fere ta suke yi, su yanka manya-manya, su jera a tukunya su rufe ta da sukari, su bar ta ta kwana. Kafin safiya sukarin ya jawo ruwanta ya cika tukunyar, sai a dafa ta a cikin ruwan kanta a wuta kaɗan, ba a ƙara ko ɗigo. Wasu sukan ƙarasa ta a oben don gefen ya ɗan kama. In ta huce a barbaɗa dakakken jewiz, wata ƙwaya mai mai, a yankin Antaliya kuma har da ruwan niƙaƙƙen riɗi ake zubawa a kai. Na yi a ɗakinmu da soyayyar gyaɗa a madadin jewiz, abokan zamana Turkawa sun cinye tas. Sai dai wannan ta fi ƙarfin a ci da shinkafa, bayan abinci ake cinta da shayi. Ga kabewa mai ruwa irin ta Maman Ilham, ina ganin wannan hanyar ta fi, tunda ruwan da ya dame ta a nan shi ake nema.

Ummu Sudais, Kolombas, Amurka

Inna, wallahi kin burge ni da maganar mazarƙwaila. Matan Meziko da muke zaune da su suna da irinta, sandararren ruwan rake mai siffar ɗan mazugi, kuma da shi suke dafa kabewa da sandar kirfa a farkon Nuwamba. Su ne ma asalin masu kabewar, don a yankinsu aka fara noman kabewa kusan shekara 10,000 da suka wuce, daga baya ta bazu duniya. Da na ɗanɗana nasu sai da na tuna gida.

Anti Nas, Zariya

Maman Ilham, niyyarki ta ba yara tana da kyau. Jan launin nan na kabewa sinadari ne da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda ido da fata da garkuwar jiki ke buƙata, kuma jiki ya fi ɗaukarsa idan an ci da ɗan mai. Ke nan man shanun Inna yana da amfani bayan ƙamshi. Mu a wajen aiki muna yawan faɗa wa iyaye mata su riƙa dama ta cikin abincin yaron da ya wuce wata shida. Amma a kula, ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko a gasa ko a ɗanye. In za a yi amfani da zuma a gashin, a ware wa ƙaramin nasa tun kafin a zuba.

A gidana akwai mai ciwon suga, don haka faranti biyu nake yi. Nasa mai ne da gishiri da citta da kirfa kawai, in bar ta ta daɗe har gefen ya yi ruwan ƙasa, kuma ya ci daidai misali. Gaskiya sau da yawa nasa ake fara cinyewa, domin in kabewar ta ƙosa wuta kaɗai tana fito da zaƙinta. Ni a ganina muna cika sukari ne don mu rufe rashin kyan kabewar da muka saya.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya riƙe: kafin ki gasa, ki ɗan taɓa ɗanyen yanki a harshe. In kika ji ɗaci mai ƙarfi, ki zubar da ita duka. Wannan ɗacin guba ce da dangin kabewa da duma ke yi wani lokaci, wuta ba ta kashe ta, sukari ɓoye ta kawai zai yi, kuma tana sa amai da gudawa mai tsanani.

Maman Biyu, Maraɗi

Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da zan ƙara guda biyu ne. Kada a cunkusa yankan a faranti ɗaya, a bar tazara tsakaninsu, in ba haka ba tururin junansu ne zai dafa su. Gara a yi sahu biyu. Kuma farantin ƙarfe mara zurfi ya fi kwano mai zurfi.

Na biyu, 'ya'yan ba na zubarwa ba ne. Ina wanke su in shanya a rana, in soya sama-sama da gishiri a kasko, in ɓare in barbaɗa a kan gasasshiyar. Ni da dabino nake saka zaƙi, in jiƙa in cire ƙwallon in dama da ɗan man shanu in shafa a ƙarshe. Muna cinta da dambu ko da gasasshen nama mai yaji, zaƙin da yajin suna tafiya tare sosai. Wadda ta rage kuma da safe a murƙushe ta cikin kunun gyaɗa.

Baban Sadik, manomi, Kura

Hajiya ta Maraɗi, in kin dace da kabewa mai zaƙi, kada ki soye 'ya'yan duka. Ki ware masu cika ki busar a inuwa ki ajiye, damina ta faɗi ki tona rami a bayan gida ki zuba taki ki shuka uku. Sai dai in akwai wata irin kabewa kusa da uwar a gonar da aka noma ta, ƙudan zuma kan gauraya su, 'ya'yan da za ta yi ba lallai su yi kama da uwar ba.

Maman Ilham, Kano

Alhamdu lillahi, na koma kasuwa na sayi guda sukutum, na gwada ta da farce kamar yadda Malam ya ce, mai kayan har ya tambaye ni ko 'yar manoma ce ni. Na yanka rabi na bi hanyar Inna a oben na gas, wuta digiri 200, mazarƙwaila a ƙarshe. Ba ta saki ruwa ba, gefen ya yi ja, Ilham ta ci ta nemi ƙari. Rabin da ya rage na naɗe na sa a firij don taushen Juma'a. Inna, tambaya ɗaya ta rage: mazarƙwailar da na samu baƙa ce sosai, ita ake so ko mai haske?

Inna ta Maƙarfi

Duk biyun suna yi, 'yata. Baƙar ta fi ƙamshi amma ta fi saurin ƙonewa, don haka ki rage mata lokaci a wuta, minti goma sun ishe ta. Ki narka ta da ɗan ruwan zafi ki tace da rariya tukuna, wani lokaci akan sami yashi ko ɓawon rake a ciki. In ta yi kauri kamar zuma sai ki shafa da cokali.