Musayar Waƙa: Yadda Normawa Suka Riƙe Ingila

Malamin Zaure:

Da sunan Allah na buɗe zaure da zancen Normawa,
Jikokin mayaƙan jirgin ruwa da suka gangaro daga Arewa.
A 911 Sarkin Faransa ya ba jagoransu Rollo ƙasar zaunawa,
Bakin kogin Sen, da sharaɗin ya tsare ta daga masu kai farmaki da kwasowa.
A 1066, 14 ga Oktoba, a Hestins ta Ingila Wiliyam shugaban Normawa ya zo gamuwa,
Harold Sarkin Ingila ya iso a gajiye, kwana 19 da yaƙinsa na Arewa.
Garkuwar Ingilishi jere a kan tudu, tun safe ta ƙi tsagewa,
Sai da mahayan Normawa suka juya kamar gudu, aka bi su, sahu ya soma watsewa.
Yaƙin yini guda ne, 'yan'uwa, ga abin tambayawa:
Da me baƙi 'yan tsiraru suka riƙe ƙasar har ta kasa ƙwacewa?

Sarkin Magina:

Gafarta Malam, wannan tambaya ta magini ce,
Tudun ƙasa ya riƙe Ingila, ga aikin a taƙaice.
A zana da'ira a mashigar kogi ko a bakin gari,
A haƙa gwalalo kewaye, a jibga ƙasar tsakiya da sauri.
Zubin kuwa sai shimfiɗa a kan shimfiɗa,
Ƙasa, tsakuwa, dutse, a daɓe kowace kafin a daɗa.
A shafe gefe da yumɓu kada ruwan sama ya zaizaye,
A baje kai, a kakkafa gumagumai su kewaye.
Hasumiyar katako a sama, a gindi fili mai shinge,
Rumbu, maƙera, rijiya da bargar dawaki duk an kange.
Gada ɗaya ke haɗa su, in an ci filin a sare ta,
Manoman gari aka tilasta wa haƙa, su suka tara ta.
A Linkon kaɗai gida 166 aka rushe,
Don a samu filin wannan gini da ya tsaya a kansu kullum da kodayaushe.

Magajiya:

Baba Sarkin Magina, ka yabi gini ka ɓoye aibu,
Katako a ƙasar damshi ruɓewa yake, wuta kuma ta gama da shi kamar kabu-kabu.
A 1069 'yan tawaye da mayaƙan Denmak suka auka wa birnin Yok,
Hasumiya biyu suka faɗi, masu gadi kaɗan suka tsira da numfashi a maƙoshi.
Sabon tudu ba ya ɗaukar dutse, ƙasar ba ta gama zama ba,
Ka ɗora masa nauyi, bango ya tsage tun ba a kai rufi ba.
Shi ya sa Farar Hasumiyar Landan a daɓe aka kafa ta,
Wajen 1078, har da dutsen garin Kan na Faransa da jirgi ya haye teku ya kawo mata.
Ƙofa a bene, matakalar katako, in an ga hari a janye,
Amma kusurwa ita ce lagon gini mai murabba'i, ku riƙe.
A Rocesta, 1215, Sarki Jon ya sa aka yi rami ƙarƙashinta,
Aka tokare da itace, aka cinna wuta da kitsen alade 40, ta zube da kanta.
Da aka tashi gyara, kewayayya aka mayar da ita.

Magatakarda:

Yaya Magajiya, ku bar dutse, ku zo ga alƙalami,
Wiliyam ya ce ƙasa duk tasa ce, hakimi riƙo yake da izini.
Ladan riƙon mahaya ne da sulke, kwana 40 a shekara,
A Kirsimetin 1085, a Gulosta, ya sa a fita ƙidaya a tattara.
Wa ke da gonar? Garma nawa? Injin niƙa na ruwa nawa?
Manoma nawa, bayi nawa, kurmin zai ciyar da dabba nawa?
Kowace amsa sau uku: zamanin Sarki Edwad da ya gabaci Harold, ranar rabo, da yanzu,
Ingilishi da Bafaranshe su rantse tare, ƙarya ta rasa inda za ta gudu.
Wuri ya haura 13,000 a kundin 1086,
Landan, Wincesta da ƙuryar Arewa ba sa ciki, sauran kuwa haraji ya san ƙofa.

Inna Malama:

Ɗana Magatakarda, buɗe kundin naka a shafin lardin Yoksha,
Ka ƙirga sau nawa aka rubuta kango a inda dā ake noma da sha.
Hunturun 1069 zuwa 1070 dakarun Wiliyam suka bi ƙauyuka da wuta,
Hatsi, garma da shanu aka haɗa aka ƙone, yunwa ta ƙarasa sauran da kanta.
Shekara 16 bayan nan gonakin ba su farfaɗo ba.
Daji ya zama na sarki, mai kashe barewa a cire masa ido, ba a tausaya ba.
In an tsinci gawar Banorme, yanki duka ke biyan tara.
Raina yana ɓaci duk sanda na zo nan a karatu, ban iya ƙarawa.

Autan Zaure:

Inna, Allah ya huci zuciyarki, bari ƙaraminku ya juya kudu,
A 1072 Normawa suka karɓi Falarmo ta tsibirin Sisili daga Musulmi bayan an gwabza an haɗu.
Roja na Biyu ya sa kambi a 1130, diwaninsa na rubutu da Larabci,
Kuɗinsa ma da harafin Larabci aka buga, malamai na samun mutunci.
A fadarsa masani Idrisi ya kammala taswirar duniya a 1154,
Kudu a sama ya zana ta, ya ambaci Kanem da Gawo da Gana ta dā.
Malam, ga tawa tambayar kafin ka rufe zaure:
Me ya sa a Sisili suka riƙe magatakardan da suka tarar, a Ingila kuwa hakimai suka kore?